Ɗanye na Gwamnati, Busasshe Namu

Ban taɓa zuwa Amurka ba, ba na kuma marmari. Amma akwai wani shugabansu na can da, wanda ya mutu tun ba a haife ni ba, da na san tarihinsa fiye da yadda na san na kakana na wajen uwa. Sunansa kam ba zan rubuta ba. Na ji shi har ya gundure ni, da safe a kan kunu, da rana a kan fura, kuma ta dalilinsa ne aka ɗaure ubana da igiya saboda iccen da ke tsakiyar gonarsa.

Mijina ne ya kawo mana shi. Malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Cadawa lokacin da aka ɗaura mana aure, ana saura kaɗan a ce mun samu mulkin kai. A wajenmu malamin lakol Mushe ake ce masa, daga bakin Nasara aka ɗauko kalmar, ni ma haka na kira shi har ya bar duniya. Ranar da ya fara zuwa gaida kakata, Allah ya jiƙanta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce mini, "Ke kuwa duk mazan garin nan masu rai, sai mushe kika jajibo?" Ya yi dariya har da hawaye. Mutum ne mai sauƙin dariya a lokacin, mai tsabta, ba ya cin haƙƙin kowa. Ni na so shi, ba wanda ya tura ni. Shi ne kuma ya koya mini rubutun bokon nan da nake tona masa asiri da shi yau.

Labarin shugaban wani malaminsu ne ya ba su a babbar lakol, ya kuwa shige shi kamar ruwa a rairayi. Zai dawo daga aiki, ya tuɓe takalmi, ina tankaɗe, sai ya fara. Wai yaro ne ɗan masu hali, amma rarrauna, numfashi na sarƙe shi, ya dinga wahalar da jikinsa har ya zama ƙato. Wai uwarsa da matarsa rana ɗaya suka rasu, ya bar birni ya tafi can cikin makiyaya ya yi kiwon shanu har zuciyarsa ta huce. Ya dawo aka ba shi riƙon 'yan sandan wani babban birninsu, ya riƙa zagayawa da ƙafarsa yana kama masu barci a bakin aiki. Ya yi soja, ya yi gwamna. Da ya dami manyan jam'iyyarsu da gyare-gyare, sai suka ce bari mu kai shi inda ba aikin yi, suka sa shi mataimakin shugaban ƙasa. Ba a daɗe ba aka harbe shugaban, mulki ya faɗo hannun mutumin da suka so su ajiye a lungu.

In Mushe ya kai nan sai ya miƙe tsaye, zama ba ya ɗaukarsa. Ya ce mutumin ya kai manyan masu jirgin ƙasa gaban alƙali don sun haɗe kai suna matse talaka. Ya zaunar da masu ramin gawayi da leburorinsu wuri ɗaya ya ce sai sun shirya. Ya kafa dokar a duba nama da magani kafin a sayar wa mutane. Sannan babban abin, wanda in ya zo kansa har muryarsa ke rawa: ya keɓe dazuzzuka manya-manya ya ce ba mai sara, na jikokin jikoki ne.

Wata rana na ajiye rariya na ce, "To Mushe, dajin nan da ya keɓe, ba mai noma a ciki? Ba mai tumaki?"

Ya yi murmushin nan na malamin lakol ya ce, "Ƙasarsu faɗi gare ta, ba irin tamu ba ce." Ya ci gaba da labarinsa, ni kuma na ci gaba da tankaɗena.

Yanzu bari in gaya muku wane ne ubana. Manomi ne a wani ƙauye tsakanin Cadawa da Agiye. Kakanninsa daga kudu suka hauro, daga ƙasar Katsina, suka sari daji suka zauna. Ba mai yawan magana ba ne, kuma in ya kafe ko jaki albarka. Sunan uwarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, ni kaɗai ce kuma a gidan nan ke iya ce masa a'a. Gonarsa ta bambanta da ta kowa saboda gawo. Gawo ba shuka shi ake ba, barinsa ake. Yana fitowa da kansa inda dabba ta yi kashi, in lokacin sassabe ya zo mai gona ya ga dama ya tsallake shi, ya rage masa rassa, ya bar ɗaya ta miƙe. Wasu kakana ya bari, wasu Baba ya bari da hannunsa, har suka zama manya, mutum biyu ba sa rungume gindin wani. Geron da ke ƙarƙashinsu ya fi na ko'ina tsawo. Da rani tumakinsa su ci 'ya'yan, da bazara in ciyawa ta ƙare ya hau ya sassaro musu reshe, bana wannan gefe, baɗi wancan. Haka ya taras ana yi, haka yake yi. In ya ce "itatuwana" sai ka rantse 'ya'yansa yake nufi.

Da aka samu mulkin kai, Nasara suka fara tattara komatsansu, sai aka shiga neman 'yan boko ido rufe. Mushe ya bar alli, aka ba shi sakataren jam'iyya na yankinmu, muka koma Agiye, ya samu buro, wato ofis, da kujera. Zan faɗi gaskiyarsa guda, don kada a ce ƙiyayya ce ta sa ni rubutu. Masu sayen gyaɗa sun daɗe suna cutar manoma a sikeli, wani ya tokare da ƙafa, wani ya zabge mudu ya ce ƙasa ce. Mushe ya tsaya musu a bakin sikeli kaka guda cur, cikin rana, ba hula mai faɗi ba laima, har suka bari. An kawo masa rago ya mayar. Mata har sunansa suke sakawa a waƙar daka. Ni kuwa ina tafiya kasuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da ya tsaya nan, da yau wani littafin nake rubutawa.

Bai tsaya ba. Ya ce shugabansa ya gama da kamfanoni sannan ya juya kan daji, shi ma haka zai yi. Kuma ba ƙarya, daji na tafiya. Gyaɗa ta sa kowa sara, manyan motoci na lodin icce zuwa Maradi, inda nake ɗebo makamashi ina yarinya ya zama fili fetal. Dokar hana saran wasu itatuwa tana nan tun zamanin Nasara, gawo na cikinsu, amma barci take yi, ba mai tada ta. Mushe ya tada ta. Ya yi ta zirga-zirga wajen manya har aka turo mana masu gadin daji da kaki da doki. Suka bi gona-gona da gwangwanin jan fenti suna shafa wa itatuwa.

Dokar da Faransanci take, doguwa, sai ya ce manomi ba zai riƙe ta ba, bari a taƙaita. Ya yini yana juya maganar a baki har ya samo wadda ta yi masa, ya zo ya faɗa mini yana murna kamar yaron da aka ɗinka wa riga. Ranar kasuwa ya sa mai shela ya zaga da ganga yana faɗa: "Jama'a ku ji. Icce ɗanye na gwamnati ne, busasshe naku ne." Abin da yake nufi, wanda ya faɗi da kansa ko ya mutu a tsaye ku ɗiba ku yi girki, mai rai ku bar shi. Magana ce mai daɗin riƙewa, ta kuwa riƙu. Kafin kasuwa ta watse yara na rera ta a hanya.

Itatuwan Baba ma aka shafa musu fenti. Yayana ya ce mini Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba jan tabon, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Na gaya wa Mushe. Ya ce, "Zai saba. Ai don jikokinsa ake yi."

Na ce, "Shi don wa ya bar su tun farko, don jikokin Nasara?"

Ya ce ba zan gane ba.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ta ƙare ƙaf, tumaki na cin tsumma. Baba ya ɗauki gatarinsa da rana tsaka, ba ɓoyo, ya hau gawonsa ya saro reshe kamar yadda ya saba. Masu gadi na wucewa suka ji saran.

Ni ina kasuwar Agiye ina cinikin daddawa na ji mutane sun yi tsit ta wajen hanyar yamma. Na ɗaga kai. Mai doki a baya, igiya a hannunsa, bakin igiyar a ƙugun wani tsoho. An ɗora wa tsohon reshen gawo a ka, wai shaida, ƙaya ta kama hularsa ta karce masa goshi, jini ya bushe a gefen ido. Sai da na kalli rigar sannan na gane ta, ni na rina ta da hannuna. Daga ƙauyenmu suka taso shi a ƙasa, kuma ba su bi bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa suka ratsa don kowa ya gani ya ji tsoro. Mutumin da ko a masallaci ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Ya gan ni. Wallahi ya gan ni, ya kau da kai kamar bai san ni ba, don kada in ji kunya. A daidai lokacin wata babbar mota ta wuce shaƙe da icce ɗanye shar, ta nufi Maradi, suka matsa da Baba gefe don ta samu hanya. Mai motar yana da takardar izini.

Ban taɓa taka buron Mushe ba sai ranar. Ban yi sallama ba. Yana zaune, da mutane biyu a gabansa, da ya ga fuskata ya sallame su.

Na ce, "Mushe, Baba ne."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani."

"Tun ɗazu aka gaya mini." Bai iya kallona ba, alƙalami yake juyawa. "Ki zauna ki ji. In na sake shi yau, gobe kowa ya kawo surukinsa. Shi ke nan doka ta mutu, kuma ni na kashe ta. Mutumin nan da nake ba ki labari, attajiran da ya kai ƙara 'yan jam'iyyarsa ne, da su yake cin abinci. Bai duba ba."

Na ce, "Surukinsa ya ɗaure?"

Ya ci gaba da juya alƙalaminsa.

"Tsoho ya ɗora wa ƙaya a ka ya zaga kasuwa da shi? Attajirai ka ce. To ga attajirin can ya wuce da mota, ka tare shi mana. Kai ƙarfinka a kan mai tunkiya uku ya ƙare?"

Ya ce ɗora reshen ba da umurninsa aka yi ba, zai yi musu faɗa. Ya ce kwana kaɗan ne, zai sa a ba shi tabarma mai kyau, in dafa abinci a kai masa. Tabarma mai kyau. Na tsaya ina kallon mutumin nan da na zaɓa da kaina, na ga ba mugunta ce a fuskarsa ba, wahala ce, yana shan wahalar zama mutumin kirki irin na labarinsa, kuma wahalar na yi masa daɗi. Wannan ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na san abin da zan yi da shi.

Na dafa abincin na kai gidan kaso. Baba ya aiko a ce mini ya gode, yana azumi. Kullum na kai, kullum yana azumi, har aka sake shi. Ranar da ya fito bai biyo ta gidanmu ba, ko ruwa bai sha a Agiye ba, ya kama hanyar ƙauye a ƙasa. Kafin ya isa tunkiya ɗaya ta mutu.

Bayan sati Mushe ya sayi goro ya ce in raka shi. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa nesa kamar yadda suruki ke yi, kai a ƙasa. Ni ina daga ciki, jikin zana, ina ji. Baba ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, bai rage ko ɗaya ba. Mushe ya fara ba da haƙuri, Baba ya tare shi.

"Ba komai, ɗana. Hukuma ta yi aikinta. Tambaya ɗaya gare ni, don kada in sake laihi. 'Ya'yan gawon da ke zubowa ƙasa, tumakina su ci, ko su jira takarda?"

Mushe ya ce, "Haba Baba. Abin da ya bushe ai naku ne."

"Mi ka ce?"

"Busasshe naku ne, Baba. Ɗanyen ne kawai na gwamnati."

Baba ya ce, "Busasshe namu ne. To madalla. Na ji." Ya sa aka kawo wa baƙo fura. A hanyar komawa Mushe har da ɗan fito, wai tsoho ya fahimta, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi amma ga shi ko busasshen ya tanƙwaru. Na san ubana, na san irin wannan madallar.

Da ruwa ya sauka ina da tsohon ciki, na farko, aka maido ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi. Wata rana da hantsi na ce ni zan kai wa Baba fura gona, don in motsa ƙafa. Na same shi durƙushe a gindin babban gawon da ke tsakiya, wanda kakana ya bari. Ya tone ƙasa kamar zurfin kamu biyu, ya zagaye gindin, yana ɓare ɓawon da wuƙa, fari fat na fitowa. Gefensa ga kasko cike da garwashi.

Na ce, "Baba, mi kake yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina karɓar abina."

"Kashe shi kake yi."

"Mijinki ya ce in ya bushe nawa ne. Ni ban yi lakol ba, Uwata, amma ina jin Hausa."

Na ajiye ƙwaryar na zauna a ƙasa da cikina na fashe da kuka. Na ce ya bari, na ce doka ba ta dawwama, yau wannan ke mulki gobe wani. Na ce ya tuna da kakana. Na ce masa a'a, irin a'ar da ya saba ji daga bakina ya bari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In bar shi ya yi rai, in zo gonata in gaishe shi kamar baƙo, in nemi izini kahin in taɓa shi? Ubana bai bar ma gwamnati icce ba, ni ya bar ma." Ya juye garwashin cikin ramin, ya mayar da ƙasa, ya daddale da ƙafa, ya watsa busasshiyar ciyawa a kai. Kafin ya matsa ya dafa jikin iccen ya ɗan shafa, yadda ake shafa rago ranar layya.

Lokacin ma da dabara ya zaɓe shi. Gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne, da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai kaka ta yi ya sake toho. Duk tsawon damina ba mai iya bambanta mai rai da matacce. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, masu gadi na wucewa kan doki suna ganin jan fentinsu lafiya lau, suna ɗaga masa hannu, yana ɗaga musu. Ban gaya wa Mushe ba, ban kuma taɓa yin nadamar hakan ba.

Na haihu, aka yi suna, aka yanke gero. Gawon maƙwabta ya yi kore shar, na Baba shiru. Aka jira, shiru. Masu gadi suka zo suka zagaya, ba sara ba ƙuna a ido, suka ce ciwo ne ya kama su. Duk ƙauyen an san ciwon, ba wanda ya buɗe baki. Ba kowa ne ya iya abin da Baba ya yi ba, sai mai taurin zuciya, amma kowa ya ɗauki darasi: icce a gona shi ke jawo maka mai kaki. Daga shekarar, in sassabe ya zo, ba mai tsallake tsiro. Duk abin da ya ɗago kai a sare shi tun bai isa a shafa masa fenti ba. Daga ƙauyenmu abin ya bazu har wajen Gazawa, na kuma ji 'yan Sae Sabuwa da ke zuwa cin kasuwa suna faɗin haka suke yi. Garin gyaran gira aka rasa ido. Cikin 'yan shekaru iskar farkon damina na kwaso rairayi ta binne shuka, a sake, ta sake binnewa. Mu mata muka koma girki da kara da kashin shanu.

Mushe ba wawa ba ne. Ya je gonar shi kaɗai, ya dawo da ƙasa a farcensa. Ya zauna bakin gado ya daɗe, sannan ya ce, "Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ni gyara na so in yi."

Na ce, "Wannan ma na sani."

Bai kai ƙara ba, bai kuma sake zancen ba. Zancen shugabansa ne bai bari ba, sai dai ya sake masa wuri. Da can farkon labarin yake so, yanzu sai ƙarshen: yadda mutumin ya sauka daga mulki, ya ga magajinsa na ɓata masa aiki, ya dawo ya kafa tasa jam'iyyar, aka harbe shi yana yawon neman ƙuri'a ya ƙi sauka sai da ya gama jawabi, kuma duk da haka ya faɗi zaɓe. Wato shi ma mutanensa ba su gane shi ba. Nan Mushe ya samu wurin fakewa, musamman da manyan jam'iyya suka gaji da shi suka mayar da shi Cadawa, aji da alli. A bakinsa na ji cewa da mutumin ya sauka, ƙasar baƙar fata ya zo yawon farauta ya karkashe namun daji. Na ce, "Ashe nasa dajin ne kawai ke da jikoki." Bai yi dariya ba. Da daɗewa bayan haka, wani jikana da ya yi karatu mai zurfi ya gaya mini a wasu dazuzzukan nan da aka keɓe akwai mutane, 'yan asalin ƙasar, kuma ba a tambaye su ba. Na ce masa ai ni na tambaya, ina tankaɗe, aka ce mini ƙasarsu faɗi gare ta.

Baba ma ban wanke shi ba, kada a ɗauka. Ya ci gaba da zuwa gona da gatari, da rana tsaka, yana saran busassun rassansa, in masu gadi sun zo wucewa ya yi musu sannu da aiki da babbar murya. Ya ci nasara, in nasara ce. Amma geronsa ya koma kamar na kowa, daga baya ya kasa na kowa. Tumakin suka ƙare. Furarsa a rana yake sha, ya kafa 'yar zana ya raɓa. Ya hana jikokinsa abin da ubansa ya bar masa don ya nuna wa mijina iyakarsa, mu kuma da ke tsakani muka sha rairayi. Na gaya masa haka wata rana. Ya ce, "Gaskiyarki, Uwata." Ya ci gaba da wasa gatarinsa.

Ya rasu da rani, da safe, bayan gajeruwar jinya. Ina wurin. Aka aika Cadawa, Mushe ya iso kan keke kafin a gama wanka, rigarsa jiƙe da gumi. A wajenmu in an sa mamaci cikin kabari, itace ake jerawa a kan ramin ciki, a bi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran. Ɗanye ake so, mai ƙarfi, don ya daɗe bai karye ba. Samari sun ɗauko gatura sun tsaya cirko-cirko a ƙofar gida, don ɗanyen da ya rage kusa duk mai jan fenti ne, ba kuma mai son a ɗaure shi ranar makoki.

Ina cikin mata na ji muryar Mushe a zaure yana ce wa yayana, "Su je su saro ɗanye, duk wanda ya yi musu. Ni na ba da izini, in an tambaya a ce ni ne. Ni zan tsaya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mata na riƙe mini zane na fizge. Na tsaya bayan ƙofar zaure, inda maza za su ji ni ba su gan ni ba, na ce, "Yaya, kada a rufe Baba da kayan gwamnati. A je gonarsa."

Mushe ya matso jikin ƙofar, ya rage murya, ni kaɗai yake wa magana. Ya ce, "Ki yi wa Allah. Busasshen gawo ba shi da ƙarfi, gara za ta cinye shi. Kabarin zai rufta."

Na ce, "Ta ci. Nasa ne."

Ya ce, "Ki bar ni in yi masa wannan ɗaya. Ɗaya tak."

Na ji muryarsa ta karye, na san kuka yake, na san kuma tun ranar kasuwar Agiye yake neman abin da zai yi wa tsohon nan bai samu ba, wannan ce ta ƙarshe. Na ce, "A'a."

Yayana ne ya raba gardamar. Na ji ya ce wa samarin, "Ku tahi gona." Suka dawo da rassan babban gawon nan na tsakiya, farare, marasa nauyi, yaro ma ya ɗauki biyu. Da su aka rufe shi. An ce mini Mushe ya miƙa hannu zai taya jerawa, yayana ya ba shi guda ya jera.

Damina ta biyu kabarin ya lotsa, kamar yadda Mushe ya faɗa. Yayana ya je da kwando ya cike shi da ƙasa, damina ta gaba ya sake. Na zauna da Mushe shekaru masu yawa bayan haka, na haifa masa 'ya'ya, na yi jinyarsa, a hannuna ya cika. Bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Sau ɗaya, yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, ya kamo hannuna ya ce in ce na yafe masa maganar Baba. Na gyara masa matashi, na ce ya sha kununsa kada ya huce.